Ɗan Gwaggo da Fim ɗin 'Yan Caina

Shekarar da na yi haihuwar fari, gida na koma wanka, ƙauyenmu da ke gabas da Kunci. Kaka ce, an girbe gero an ɗaure, dawa ba ta gama nuna ba, tsakar gidanmu kuwa babu wajen sa ƙafa saboda gyaɗar da aka ciro aka jibge da harawarta. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ke yi min wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, kuma wallahi matar nan ba ta san tausayi ba. In na yi ƙara ta ce raki gare ni, in na yi shiru ta ce ruwan ya huce ke nan, a ƙara wuta.

Amma ba ruwan zafin ne ya fi ƙona min rai ba. In na ɗauki jaririna na kai baki zan sumbace shi, sai in ji tsaki daga bayana: "Ke, ɗan fari ne fa! Ajiye shi, marar ta ido." A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. In an yaye shi ma, kaka ko gwaggo ake miƙa wa ta riƙe. Ni da na yi sakandare na zauna birni da miji, abin ya tsaya min a wuya. Na sha yin ƙunƙuni cewa wannan ba aya ba ce ba hadisi ba, Gwaggo ta ce in bari in gama wanka tukuna, sai in je in buɗe makarantata.

Innarmu kuwa ita ce gwanar wannan kunya. Yaya, babban ɗanta, ya haura talatin a lokacin, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Gwaggo ce ta riƙe shi tun daga yaye, don haka "ɗan Gwaggo" take ce masa. Ko yana tsaye a gabanta ba ta ce masa kai. Sai ta dubi ɗayanmu ta ce, "Ku ce wa ɗan Gwaggo tuwonsa na nan a rufe." Shi kuma ya dubi bango ya ce, "A ce mata na gode." Akwai wani mai tallan manja da ke zagayowa a babur, sunansu ɗaya da Yaya. Inna ta gwammace ta yi miya ba mai da ta leƙa zaure ta kira shi.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya tafi ci-rani unguwar Bacirawa a Kano, leburancin gini. Da farko yana dawowa da damina ya yi noma. Daga baya sai ya aiko da taki, shi bai zo ba. Sannan labari ya fara isowa a bakin masu kai kaya birni, cewa ya bar ɗaukar bulo, ya zama yaron wani mai harkar filaye. Aikinsu shi ne, in rigima ta tashi a kan fuloti, su je da gora da adda su kori wanda ogansu ya ce a kora. Daba ke nan, ko da wane suna aka sa mata. Mijina ya taɓa hango shi a bakin titi cikin wasu samari masu jajayen idanu, ya ce min da ƙyar ya gane shi.

Kowa a gidan ya sani. Gwaggo ta yi faɗa, ta yi kuka, ya ce mata sharrin mutane ne. Wadda za ta yi magana ta shige shi, ita ce ba ta da bakin yi masa magana. Ina kallon Inna tana ramewa a tsaye. In aka ambaci Bacirawa a hira, sai ta miƙe ta shiga madafi ta kama hura wutar da ke ci da kanta.

Ana haka sai ga shi ya zo barka, ganin ɗana. Ya zo da sababbin kaya, da agogo, da wani tabo da ya taso daga ƙarƙashin kunnensa ya shige wuyan riga. Ya ce kwano ne ya yanke shi a wajen gini. Ya kawo wa gida tsaraba, ƙaramin talabijin mai farantin sola da batirinsa. Ya kuma ce jibi zai koma, don oga na da babban aiki, wata unguwa ce guda za a tasa. Ya faɗe shi yana murmushi kamar wanda aka gayyata walima. Na dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi ƙasa, Inna kuwa ta shiga madafi.

Washegari da hantsi ya ɗora farantin a kan rumbu, ya jawo waya zuwa ƙarƙashin rumfa, ya ce zai sa mana fim ɗin da babu kamarsa a duniya. Kafin a ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, kowace da ƙwaryarta, don a yi kallo ana tsinkar gyaɗa. A gaba-gaba akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da muke kira Mai Daddawa saboda sana'arta, wadda bakinta ba ya hutawa ko a gidan makoki. Ni ina gefe a kan tabarma da jariri. Inna ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno ta zauna can bakin ƙofar ɗakinta, ta ba talabijin ɗin rabin baya, don ba zai yiwu ta zauna rumfa ɗaya da ɗan fari ba.

Tsohon fim ne na 'yan Caina, hoton har ya koɗe, amma an yi masa fassarar Hausa. Da mutumin farko ya buɗe baki ya ce "Kai, malam, matsa min," Mai Daddawa ta saki gyaɗar hannunta.

"Ikon Allah! Har can Hausa ta kai?"

Na ce mata mutum ɗaya ne a Kano yake yi musu tafinta, shi ne mazan, shi ne matan. Ta ce to Allah ya ba shi lada, ya sha aiki. Da aka nuno suna cin taliya da tsinke biyu, ta ce ga hannu Allah ya ba su har da yatsu, sun tsaya wahalar da kansu.

Labarin wani saurayi ne, ɗan wata bazawara mai sayar da taliya da romo a kasuwar bakin ruwa. Wani tsoho a unguwarsu ya koya masa faɗa tun yana ƙarami. Kasuwar kuma tana hannun wani babban ɗan daba mai fararen kaya, gashi a kwance luf, wanda ba ya ɗaga murya, kullum yana zaune yana kurɓar shayi a wani ɗan mitsitsin kofi. Yaransa ne ke bi rumfa-rumfa suna karɓa, wanda ya ƙi a ƙone masa rumfa. Ranar da suka zo rumfar bazawarar nan suka kifar mata da tukunya, saurayin ya tashi.

Jama'a, zo ku ga tsakar gidanmu! Da ya daka tsalle daga ƙasa ya dira a kan rufin kwano, mata suka ɗauki salati gaba ɗaya. Wata ta ce wannan ba mutum ba ne. Da aka kai masa sara ya tare da dantse wuƙar ta karye, Gwaggo ta buga cinya ta ce, "Ɗan tauri ne! Wannan tun yana ciki aka dafa shi." Ƙarar dukan kuwa kamar ana sussuka. Duk wanda aka nausa sai ya tashi sama ya faɗa kan kayan mutane, Mai Daddawa tana ta ihu wai a janye tiren ƙwan can kafin a fasa wa mai shi. Yaya na tsugune kusa da talabijin yana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ga haƙoransa haka tun Baba na da rai.

Maimakon mai fararen kayan ya yi fushi an dake masa yara, sai ya aika aka kira saurayin, ya zaunar da shi, ya sa aka ɗinka masa kaya irin nasa. Nan Yaya ya gyara zama.

"Kun ga oga ke nan," in ji shi. "Shi ba ya hayaniya. In ya ga namiji ya san shi."

Na lura bakinsa na motsi, yana faɗin maganar ogan kafin mai fassara ya faɗa. Ya haddace fim ɗin kaf. Nan na gane ba kallo kawai yake ba, kansa yake gani a ciki.

Sai saurayin ya koma gida cikin sababbin kayansa. Uwar ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauke shi da mari, tas! Kafin mu gama cewa madalla, sai ta kamo kansa ta manna a ƙirjinta, tana kuka tana shafa gashinsa tana kiran sunansa. Rumfa ta kaure.

"Tir! Ƙaton gardi kamar wannan?"

"A'uzubillahi, a gaban mutane!"

Daga bakin ƙofa sai muka ji muryar Inna, a hankali. Ni ta kalla.

"Tambayi ɗan Gwaggo, yaron nan shi ne babba a wajenta?"

Ban ma buɗe baki ba Yaya ya dubi ginshiƙin rumfa ya ce, "A ce mata shi kaɗai gare ta."

Mai Daddawa ta dafe ƙirji. "Ɗan fari ke nan! Ɗan fari ta rungume, har da kama suna! Kai, mutanen nan kunya ba ta ratsa ƙasarsu ba." Aka yi ta tofa albarkacin baki, wata na cewa shi ya sa ya lalace. Inna dai ta ɗaga kujerarta ta juyo da ita, ta fuskanci talabijin sosai.

Daga nan fim ya canja. Ogan ya so wata unguwa ta talakawa don ya yi gini, ya tura yaransa su tashe ta, saurayin nan a gaba. Ana ta watsi da tukwane da tabarmi, yara na kuka, sai ga tsohon da ya koya masa faɗa ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa da sanda. Muka ce to, yanzu zai ji kunya ya juya. Ina! Ya ɗaga ƙafa ya harbi tsohon nan a gwiwa, muka ji ƙas, tsoho ya zube.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Gwaggo ta miƙe tsaye, ta dumbuzi ɓawon gyaɗa ta watsa wa talabijin. "Allah ya isa! Wanda ya koya maka? Allah ya isa tsakaninka da shi!"

Babu mai tsinkar gyaɗa kuma, hannuwa duk sun tsaya. Cikin wannan shirun Inna ta fara magana, idonta a kan saurayin cikin fim.

"Kai yaro, ba ka ga furfura ba ne? Kai yaro, kayan da ya ɗinka maka ne suka rufe maka ido? Mutanen nan da kake watsa wa kaya waje, ina kake so su kwana?"

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Kai take cewa, kai, kai, bakinta a sake, tun da ɗan Caina ne ba nata ba. Babu wadda ba ta gane da wa take ba. Mai Daddawa ma, ita da kanta, ta kama bakinta. Yaya ya daina motsa leɓe. Ya sa hannu ya ja wuyan rigarsa sama.

"Kai yaro," in ji Inna, "wanda ya aike ka ka karya tsoho, kana jin kai zai ƙyale ka? Uwarka na can ba ta iya haɗiyar abinci, kai kana nan kana tsalle."

Aka zo wani gagarumin faɗa da 'yan wata dabar, saurayin ya tarwatsa su shi kaɗai, abokansa suka ɗaga shi sama suna kirari. Amma wannan karon babu wadda ta yi shewa. Yaya ya yi wuf ya miƙe ya kai hannu bayan talabijin.

"Ya ƙare. Caji ma ya yi ƙasa."

"Da wannan ranar mai fasa kai?" in ji Gwaggo. "Zauna, ɗan nema."

Ni kuwa na riga na wawuri rimot na danne a ƙarƙashin cinyata. Na ce masa, "Yaya, ni ma na zauna birni fa. Fim ba ya ƙarewa mugu na zaune yana shan shayi. Ka bar mu mu ga ƙarshe." Ya harare ni kamar zai cinye ni, na rama. Mai jego ce ni, babu abin da zai iya yi min. Ya koma ya tsuguna, amma ya juya kai gefe yana wasa da tsinke a ƙasa.

Abin tsohon nan ya hana saurayin sukuni. Ya je ya durƙusa gaban ogan ya ce ya gaji, zai koma ya taya uwarsa sayar da taliya. Ogan ya yi murmushi. Ya zuba masa shayi da hannunsa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce ai babu komai, ya gaida gida.

"Ashe dai yana da imani," in ji Mai Daddawa.

"Alhamdulillahi," in ji Gwaggo, ta koma ta zauna. Muka sauke numfashi, wasu har sun jawo ƙwaryarsu.

Saurayin ya fito ya shiga wani siririn lungu. Sai ga abokansa, waɗanda ɗazu suka ɗaga shi sama, waɗanda muka ga suna ci a kwano ɗaya da shi. Babban amininsa ya buɗe hannu kamar zai yi masa sallama, ya rungume shi. Sai muka ga idon saurayin ya fito. Babu kiɗa, babu tsalle, babu tashi sama. Mutumin da ya kori dandazo shi kaɗai ko hannu bai ɗaga ba, yana ta kallon fuskar amininsa, sauran suka rufe shi.

Wata mata ta ƙwalla ƙara ta rufe fuska da mayafi. Gwaggo ta riƙe kai tana cewa, "Ina taurin? Jama'a, ina taurin?" Ni na ƙanƙame jaririn har ya farka. Wallahi na san wasa ne, na san mutumin nan ya tashi ya karkaɗe rigarsa bayan an gama ɗauka, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don ga Yaya tsugune a gabana da tabo a wuya.

Suka jawo gawar suka yar a gaban rumfar uwar. Ta fito da ludayi a hannu. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinya, ta yi ta kiran sunansa, tana jijjiga shi tana kira. Mai fassarar da bai yi shiru ba tun farkon fim, nan ya yi shiru, ya bar mu da muryar matar. Ba mu jin yarenta, amma babu abin da ba mu ji ba.

Ban ga lokacin da Inna ta taso ba. Na dai ga inuwa ta rufe talabijin. Ta shigo har cikin rumfa, ta tsaya a gaban Yaya, ta dube shi ido cikin ido. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi.

Yaya ya waiga bayansa. Wallahi tallahi ya waiga, yana neman wanda ya shigo. Bai san sunansa da wannan muryar ba.

Ƙwaryar Mai Daddawa ta suɓuce, gyaɗa ta watse. Gwaggo ta buɗe baki ta kasa rufewa. Wata ta ce "La'ilaha illallahu" can ƙasa-ƙasa. Ni da nake ta cika baki cewa al'adar nan ba aya ba ce, sai da na ji kamar an tuɓe wa Inna ɗankwali a kasuwa, na sunkuyar da kai don kunya.

Ta sake kira. Ba ta yi kuka ba.

"Waccan ta kira nata ba ya ji. Ni na kira ka kana ji. Amsa min."

Ya ɗago.

"Na'am."

"Ba za ka je aikin nan ba."

Da ya yi magana, ba bango ya kalla ba, ita ya kalla.

"Inna, ba a fita haka kawai. Sai na je na faɗa da bakina. In na ɓuya, nan za su biyo ni, ga mata ga jariri."

Wannan ya fi komai girgiza ni. Duk abin da ake faɗa yana cewa sharri ne, ga shi ya amsa da kansa a gaban matan unguwa. Gwaggo ta fashe da kuka ta ce babu inda za shi, a kai shi wajen dangi a ɓoye. Inna ta ɗaga mata hannu.

"To ka je. Ka je da rana tsaka, ka faɗa a gaban mutane. In ya ba ka shayi kada ka sha. Kada ka bi lungu, ka bi titi. Wanda duk ya zo zai rungume ka, ka ja da baya."

A wani wajen da dariya za a yi, tsohuwa ta ɗauki darasi a fim ɗin Caina. Babu wanda ya yi. Yaya ya ce to. Ta juya ta shige ɗakinta ta saki labule, ba ta ƙara fitowa ba sai da la'asar.

Washegari ya tafi. Kafin ya kai bakin titi labari ya gama gari, kuma abin haushi, ba maganar daba ake ba. Wai Inna ta kama sunan ɗan fari a gaban jama'a, wai tsufa ya fara taɓa ta, wai talabijin ya shigo da rashin kunya. Wata ta zo har gida da sunan duba mai jego, tana zaune tana zuba wannan zancen. Na ce mata in ta gama ganin jaririn ga hanya nan. Gwaggo ta ce ba a korar baƙo, na ce to a rubuta ni ce ta fara.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Wayarsa a kashe. Mijina ya zagaya Bacirawa bai samu mai gaya masa gaskiya ba. Inna ta koma yadda take, in za ta tambaya sai ta ce, "Babu labarin ɗan Gwaggo?" Ta rufe talabijin da tsohon zane. Kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe, da safe a ɗumama wa yara. Duk babur ɗin da ya wuce ta bayan katanga, sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi har ƙarar ta ɓace.

Ran nan bayan azahar, Inna na shiƙar gero a tsakar gida, babur ya tsaya a ƙofar zaure. Wani ɗan garinmu mai kai kaji birni ne ya shigo, yana riƙe da Yaya ta kafaɗa. Fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Babu agogo, babu takalmi. Hannunsa na dama an naɗe shi da rigarsa an rataye a wuya, kuma daga gwiwar hannu zuwa ƙasa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Amma da ƙafarsa ya shigo.

"Na faɗa musu," in ji shi, da ƙyar ake jin maganar. "A bakin titi na faɗa. Sun ce hannun da na yi musu aiki da shi ba zan tafi da shi lafiya ba. Shi ke nan, mun rabu."

Gwaggo ta yi kansa tana salati. Mata suka fara shigowa. Na juya in ga Inna, sai na ga faifai a ƙasa, gero ya zube kaji sun taru a kai, labulen ɗakinta na motsi. Raina ya ɓaci. Na miƙa wa wata jaririn na bi ta, ina shirin in ce haba Inna, yau ma? Na same ta durƙushe a bayan ƙofa, ta cusa gefen zanenta a baki ta cije, duk jikinta na girgiza, don kada a ji ta a waje. Ta cire zanen ta ce min, "Ki ce wa Gwaggo a kira maɗori." Ta mayar ta cije.

Maɗorin ya zo da kararensa da tsumma. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, maza biyu suka danne Yaya, ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙafa. Maɗorin ya shafa hannun yana tofa addu'a, ya ce karaya biyu ce, sai an ja kafin ƙashi ya koma mazauninsa. Ya ce wa Yaya ya yi ta maza. Yaya ya gyaɗa kai ya runtse ido.

Da maɗorin ya ja, ƙaton mutumin nan da unguwa guda ke tsoro ya ƙwalla ƙarar da ta tashi kajin da ke cin gero.

"Inna! Wayyo Inna!"

Gidan cike yake da mutane, har da masu cewa tsufa ya taɓa ta. Daga bayan labule muryarta ta fito, da ƙarfi, har maɗorin ya ɗago kai.

"Na'am. Ina nan, ina jin ka."